Darasin Kwamfuta: Me ke cika laftof ɗinmu ba a saka mata komai ba?

Darasinmu na wannan mako a kan tsohuwar laftof ɗin nan ne da ke kan kabad a ɗakin kwamfuta, wadda aka manna wa takardar "Kada a kashe". Ita ce uwar garkenmu, wato kwamfutar da sauran suke ɗibar karatu daga cikinta. A cikinta aka ajiye Wikipedia ta Hausa, wadda manhajar Kiwix ke buɗewa ba intanet, da tsofaffin tambayoyin BECE da 'yan aji uku suke bita. Laftof aka zaɓa saboda tana da batiri, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take.

Irin wannan kwamfuta takan cika alhali ba wanda ya saka mata fim ko waƙa. In ta cika, ba ta karɓar sabon aiki, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Sau da yawa laifin na log ne.

Log littafi ne da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, kamar yadda monita ke rubuta sunayen masu surutu. Tamu tana aiki da Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. A Ubuntu, littafin yana cikin /var/log. Idan wani abu ya lalace, sai ta yi ta maimaita ƙorafi ɗaya dare da rana. Mu yi lissafi: layi ɗaya haruffa 150, layi 100 a daƙiƙa, rana kuma daƙiƙa 86,400 ce. Kusan gigabayit 1.3 ke nan kullum. Idan gigabayit 30 ya rage, kwana 23 kawai zai yi!

Da farko mukan rubuta df -h mu ga wurin da ya rage, sannan sudo du -sh /var/log/* mu ga wane fayil ne ya kumbura. Wannan sudo yana neman lambar sirri, don haka sai Malam yana wurin.

A nan ne wasu ke gaggawar gogewa. Mu dai a ganinmu wannan kamar yage takardar monita ne, surutun yana nan. A fara karantawa da tail -f /var/log/syslog, za a ga layuka suna gudu. Ba sai mun fahimci duk Turancin ba, layin da ke ta dawowa shi muke nema. Idan yana maganar zafi, fanka ce ta toshe. Kun san ƙurar hunturu a Kaduna, ga kuma zafin Maris da Afrilu. Sai a ɗaga laftof ɗin ta sha iska, ko a kai wa masu gyara a titin Ahmadu Bello su busa ta. Idan kuma ya ambaci PCIe, galibi katin Wi-Fi ne. Wannan aikin Malam ne, shi ya san inda ake ƙara pci=noaer, ko da yake wannan rufe bakin ƙorafin kawai yake yi.

Bayan an gano cutar sai shara. Umarnin sudo journalctl --vacuum-size=500M yana rage tsofaffin rubuce-rubuce. Shi kuwa syslog, kada a goge shi gaba ɗaya, domin kwamfuta tana riƙe da shi a buɗe, wurin ba zai dawo ba sai an sake kunna ta. A zazzage cikinsa kawai da sudo truncate -s 0 /var/log/syslog. Washegari a sake duba df -h a ga ko lambar ta tsaya.

Mai son gani da idonsa ya same mu ranar Laraba bayan an tashi, ya zo da biro da takarda.