Gaisuwar ranar Litinin

Sida cuta ce mai doguwar jinya. Wanda ya kamu da ita yana shan magani kullum, har iyakar ransa. In ya riƙa tsallake kwanaki, sai ƙwayar cutar ta sake yin ƙarfi cikin jininsa. Amma mutum yakan gaji, yakan manta, wani kuma kunya ke hana shi komawa asibiti.

Cikin shekarar 2007, a ƙasar Kenya, masu bincike suka fara gwada wata dabara a asibitoci 3. Suka ɗauki majinyata 538, suka kasa su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su magani yadda aka saba. Ɗaya kashin kuwa, ban da magani, kowace Litinin da safe malaman jinya suna aika musu saƙo ta salula. Saƙon kalma ɗaya ce ta harshen Sawahili: "Mambo?", wato "Yaya dai?"

In majinyaci yana lafiya, sai ya amsa "Sawa", wato lafiya lau. In akwai damuwa, sai ya rubuta "Shida". A Sawahili, shida matsala ce, ba shidan lissafi ba. Wanda ya ce "Shida", ko wanda ya yi shiru har kwana biyu, malamar jinya takan kira shi. Takan saurare shi da haƙuri, ta ba shi shawara.

An fitar da sakamako a 2010. Cikin masu samun saƙo, 62 bisa 100 suna shan magani daidai. Cikin sauran kuwa, 50 bisa 100 ne. Da aka tambayi majinyatan, da yawa suka ce saƙon yana sa su ji cewa wani ya damu da su.

Saƙon bai ambaci magani ba ko kaɗan, gaisuwa ce kawai. Amma majinyaci ya san akwai mai jiran amsarsa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi
1. Me ke hana wasu majinyata shan magani kullum?
2. Wa malamar jinya take kira?
3. Don me saƙon ya yi amfani?

Aiki
Kowa ya rubuta gajeren saƙon gaisuwa zuwa ga wani maras lafiya.