Amsoshin Tambayoyinku: Wane Busasshen Abinci Zan Saya wa Kyanwata Mai Susa da Amai?

TAMBAYA: Ina da kyanwa 'yar shekara huɗu. Wata biyar ke nan tana susar wuya da bayan kunne har gashin wurin ya zube, kuma takan yi amai bayan cin abinci. Na canza mata busasshen abinci kala uku, na ƙarshen mai tsada ne, an rubuta babu hatsi a cikinsa, amma jiya i yau. Don Allah wanne zan saya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da ladan kula da dabba. Amma kafin ki ɗauko buhu na huɗu, fara kai ta wurin likitan dabbobi, domin ba kowace susa ce daga abinci ba. Ƙuma ce kan gaba wajen sa mage ƙaiƙayi, ko da ba ta leƙa waje. Akwai ƙwarin kunne, akwai makero wanda har yaran gida kan ɗauka, ita kuma tsutsar ciki tana sa amai. Idan ba a dace a cikin gari ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi miki nisa ba.

To, mu ce an kawar da waɗannan, zargi ya koma kan abinci. Abin da jikin mage ke yi wa bori galibi furotin ne, wato naman da ke cikin abincin. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara rahotannin likitoci, ya nuna naman shanu da kifi da kaza su ne a sahun gaba, alkama da masara suna biye da su. Kin ga ke nan buhun nan da babu hatsi, in dai akwai kaza ko kifi a ciki, an gudu ne ba a tsira ba. Madara kuwa zancenta daban: yawancin manyan maguna ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, shi ya sa take sa su zawo. Ki daina ba ta.

Busasshen abincin da ya dace da irin kyanwarki iri biyu ne. Akwai mai nama guda ɗaya tak wanda ba ta taɓa ci ba, kamar zomo ko agwagwa. A nan sai kin zauna kin tuna duk abin da ya taɓa shiga bakinta, sannan ki juya buhun ki karanta jerin kayan haɗin da ke bayansa. Sau da yawa hoton agwagwa ne a gaba, garin kaza a baya. An ma sha gwada irin na kanti a tarar da ɓurɓushin naman da ba a rubuta ba, saboda inji ɗaya ake haɗa su. Ɗaya irin kuma shi ne wanda aka farfasa furotin ɗinsa ya yi ƙanƙanta ainun, har garkuwar jiki ba ta gane shi balle ta tayar masa. Royal Canin Hypoallergenic da Hill's z/d da Purina HA duk irinsa ne. Ni dai in za ki iya kuɗinsa, shi na fi ba ki shawara, tunda kyanwar da ta zagaya buhu uku da wuya a san naman da ya rage ba ta ɗanɗana ba.

Sai dai sayen buhun shi ne mai sauƙi. Aikin yana ga sati takwas ɗin da za ta yi ba ta cin komai sai shi da ruwa. A gidajenmu nan ake faɗuwa: yaro ya jefa mata kan kifi, mai aiki ta zuba mata sauran miya, ita da kanta ta cafke ɓera ko ƙadangare, ko ta haura katanga ta yi kalaci a maƙwabta. Loma ɗaya tana iya mayar da hannun agogo baya. Ki tara mutanen gida ki yi musu bayani, ki kuma tsare ta a ciki. Amai yakan lafa cikin sati biyu zuwa uku, fata ce mai nawa. Idan ta warke, likita zai ce a mayar mata da tsohon abincin. Susa ta dawo cikin sati biyu, an kama ɓarawo. Gwajin jini ko na gashi da ake tallatawa ba ya maye gurbin wannan, kada ki ɓata kuɗinki.

Ki shigar da sabon abincin sannu a hankali cikin mako guda, kina gauraya shi da tsohon. Kada ki ce yunwa za ta sa ta ci dole: mage, musamman mai ƙiba, in ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta har ya kai ga halaka. Ki tabbata kuma an rubuta cikakken abincin manyan maguna ne. Na kare ba ya yi, domin mage sai da sinadarin taurin, wanda tun 1987 masana a Jami'ar Kalifoniya suka gano rashinsa na lalata mata zuciya. Busasshen abinci ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, don haka ki ajiye mata ruwa mai tsabta a wuri biyu ko uku. Da zafin ƙasarmu da laimar damina, ƙaramin buhu ya fi, a rufe shi ruf a inuwa, kada mansa ya yi ɗaci ko ya yi fumfuna.

Idan tsada ta hana, likita zai iya tsara miki dafaffen naman zomo na tsawon gwajin kaɗai, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin biyun ƙarshen guba ne ga mage. In kuwa kika ga jini a kashinta, ko tana ramewa, ko aman ya zama kullum, kada ki jira sati takwas, ki kai ta asibiti a ranar.