Dabinon da Ya Ƙi Haihuwa

 Wasiƙar farko a shirinmu na filin noma ta fito ne daga wani bawan Allah a Ringim. Ya ce shekara bakwai ke nan da ya binne ƙwallon dabino a bayan gida, kullum yana zuba masa bokitin ruwa, duk damina yana watsa masa yuriya, ganye ya yi shar, amma ko ɗa guda bai gani ba.

To Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin mu taɓo taki, ka tabbata mace ka shuka? Dabino akwai namiji, akwai mace, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza yake fitowa. Namiji ko buhun taki ka juye masa, fure kawai zai ba ka. Shi ya sa ya fi kyau a dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa mai kyau. In kuwa mace ce, sai ka samo furen namiji ka karkaɗa a kan nata da zarar ya buɗe.

Sai batun ruwa, kuma a nan ne nake ganin yawancinmu muke kuskure. Don ana ganinsa a Bilma da Ingal, sai a ɗauka dabino ba ya jin ƙishi. Can ɗin ma saiwarsa a cikin damshi take. Bokiti guda saman ƙasa kawai yake jiƙawa, rana ta shanye kafin azahar. Ka yi masa kunya zagaye da gindi kamar tasa, ka cika ta taf, ka bar ruwan ya nutse, sannan ka huta kwana uku ko huɗu. Ya fi buƙatar ruwa da bazara, da lokacin da 'ya'ya ke girma. In ya ji ƙishi a lokacin, sai su fito ƙanana ko su zube. Da sun fara nuna kuma sai ka rage hannu, don yawan damshi yana fasa su, su yi tsami.

Taki kuwa, yuriya zalla ganye take ƙarawa. Ka haƙa rami zagaye, kamar taku ɗaya daga gindi, ka zuba kashin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai, ka rufe. Ka haɗa da ɗan kamfa, kashi biyu ko uku a shekara, kuma kada ka zuba a busasshiyar ƙasa, sai ka bi da ruwa nan take.

Malam, in furen ya fito bana, ka ɗauki hotonsa ka turo mana, mu duba tare. Yanzu sai wasiƙa ta gaba, daga Damagaram.