Darasi A Kan Cin Bashi

Ran nan a Maiduguri wani tsohon almajirina ya zo mini hankali tashe. Ya ci bashi ta waya, ya makara kwana uku, sai masu kuɗin suka aika wa danginsa wai ɓarawo ne. Na ce masa biya wajibi ne, amma doka ba ta yarda da tozartawa ba. Cikin 2022 hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan a Ikko, aka rufe asusunsu. In kuwa banki ya zaftare maka kuɗi, fara kai masa kuka a rubuce. In ya yi biris, sai Babban Bankin Nijeriya. To, malamai, ku koya wa yara adana takardar shaida.