DARASI: SHIN KARATUN ILIMIN ZAMANTAKEWA ƁATA LOKACI NE?

 

Ya 'yan'uwa matasa, da yawa daga cikin samarin ƙasar Haɗeja in sun gama sakandare suna neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa. Sai ka ga an ba yaro fannin ilimin zamantakewa, wanda ake kira soshiyal, ya dawo gida rai a ɓace, wai an ba shi karatun waɗanda suka rasa. Wani ma ya ce masa ai ilimin Turawa ne. To, duka maganganun nan biyu kuskure ne.

Ka sani, ilimin nan bincike ne a kan yadda jama'a suke zama tare: sana'arsu, rabon gona da ruwa, shugabanci, da dalilan rigima da sulhu. Kuma Musulmi ba baƙo ba ne a cikinsa. Malam Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya bayyana yadda al'ummu suke tashi suke faɗuwa, shekaru fiye da 400 kafin Bature ya raɗa wa fannin suna. Tun kafin nan Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane domin rabo ya isa ga mai haƙƙi.

Mu ɗauki misali a ƙofar gidanmu. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992. Injiniyoyi sun yi aikinsu, an sami noman rani a Kadawa. Amma fa ruwan da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya hali. Da can kogi yakan cika da damina, ya janye da rani, sai manomi ya shuka, masunci ya yi su, makiyayi ya shigo da shanunsa, kowa da lokacinsa. Da aka riƙa sako ruwa har cikin rani, sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ya yi ta ambaliya, wani ya bushe, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna cin shinkafa. Da fili ya ƙuntata, sai manomi da makiyayi suka haɗu a fadama ɗaya a Guri da Kirikasamma, har aka zubar da jini.

To, wa zai gane wannan tun kafin ta ɓaci? Sai wanda ya koyi shiga ƙauye ya yi tambaya, ya ƙidaya, ya rubuta. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi lissafi, suka tarar ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da kifi da itace, a kan wanda aka tare a sama. Haka nan lokacin ambaliyar 2020 da ta 2022, in babu ƙidayar gaskiya, tallafin marayu da zawarawa a hannun wa zai ƙare?

Saboda haka ga nasiha guda huɗu:

1. Ka gyara niyya. Shekaru 3 na N.C.E. amana ce, domin yaran talakawa za ka koyar.
2. Ka san aƙidarka tukuna. Wasu marubutan fannin, irin su Karl Marx, ba su yarda da addini ba. Ka karɓi hanyar bincike, ka auna ra'ayi da Alƙur'ani da Sunna.
3. In ka zo rubuta furojet, ka zaɓi matsalar garinku: burtali, kasuwar kifi, bashin manoma. Kada ka kwafi na wani, wannan ha'inci ne.
4. In ka shiga tsakanin manomi da Bafulatani, ka ji ta bakin kowa, ka rubuta gaskiya ko da a kan danginka ne.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.