Marubucin Ƙagaggen Labari da Rubutun Zube na Haƙiƙa

1.0 Gabatarwa

Masana adabi sun kasa rubutun zube gida biyu. Akwai ƙagaggen labari, wanda marubuci ke ƙirƙiro taurarinsa da abubuwan da suka same su daga tunaninsa, akwai kuma zube na haƙiƙa, wanda ya ƙunshi tarihi da tarihin rayuwar mutane da labarin tafiye-tafiye da bayanin al'adu da sana'o'i da kimiyya. Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa kowane gida da mutanensa, wato mai ƙaga labari ba shi da hurumi a ɗaya gidan. Wannan darasi zai nuna cewa tun farkon rubutun boko a ƙasar Hausa ba haka abin yake ba, sa'annan ya kawo dalilan da za su sa mai ƙaga labari ya gwada alƙalaminsa a zube na haƙiƙa. Batun ya shafi malami kai tsaye, domin shi ne zai shiga aji ya nemi littafin Hausa da zai koyar da tarihi ko sana'a da shi, ya tarar babu.

1.1 Abin da Magabata Suka Yi

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Abin lura shi ne, Imam bai tsaya a Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba. Ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka yi bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausar da ɗan makaranta zai gane, kuma ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Umaru Dembo, marubucin Tauraruwa Mai Wutsiya, shi ne kuma ya tattara Wasannin Yara.

Misalin Bello Kagara ya fi sauran fito da abin da ake son ɗalibi ya gane, don haka za a ɗan tsaya a kansa. Ganɗoki ya ɗauko tarihi na gaskiya, wato zuwan Turawa da yaƙin da suka yi da Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Amma bayan haka tauraron ya faɗa duniyar aljanu, ya yi yaƙe-yaƙen da hankali ba zai ɗauka ba. Mai karatu yana jin daɗi, yana kuma jin zafin da mutanen wancan lokaci suka ji game da cin ƙasarsu, sai dai ba shi da hanyar da zai rarrabe inda tarihi ya ƙare da inda ƙage ya soma. Mai nazarin tarihi ba zai kafa hujja da Ganɗoki ba. Da Kagara ya so ya bar abin da za a kafa hujja da shi, sai ya rubuta tarihin rayuwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944. Marubuci ɗaya ne, sanin da yake da shi na sarauta da zamanin Turawa ɗaya ne, amma kowane littafi da aikin da yake yi wa al'umma.

1.2 Dalilan da Suka Sa Ya Kamata

Babban dalili shi ne gibin da ke cikin adabinmu. Daga tsakiyar shekarun 1980 an sami bunƙasar littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka jawo ɗimbin matasa da matan aure ga karatun Hausa. Daga baya ƙagaggun labarai suka koma yawo ta wayar hannu, kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016. Ke nan ƙagaggen labari bai rasa marubuta ba, bai kuma rasa makaranta ba. Shi kuwa zube na haƙiƙa, in aka cire littattafan addini da na nazarin harshe da adabi, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wanda ake da shi ɗin ma, galibi mu malaman manyan makarantu ne ke rubuta shi, kuma dole a faɗi gaskiya: yawancinmu muna rubutu ne domin junanmu, da jimloli masu nauyi da kalmomin fannu waɗanda ɗan sakandare ba zai wuce shafi biyu ba sai ya ajiye littafin. Mai ƙaga labari kuwa ya riga ya san yadda ake riƙe mai karatu. Ya san inda ake buɗe zance, da abin da ake jinkirtawa, da yadda ake siffanta mutum har a gan shi a zuci. Waɗannan dabaru ne da ba a samu sai da doguwar gogayya, kuma tarihi yana bukatarsu kamar yadda labarin soyayya yake bukata.

Wani dalilin ya shafi harshe. Marubucin da ya sa tauraronsa ya zama ɗan marini zai je karofi, ya ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ya ji sunayen kayan aiki, ya leƙa mabuga. A ƙarshe abin da zai shiga labarin bai wuce sakin layi ɗaya ba, domin in ya yi yawa zai kashe zaren labari. Sauran ilmin fa? Yakan tafi a banza. Haka abin yake ga maƙera: zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki kalmomi ne da yaran birni da yawa ba su taɓa ji ba. Kalma takan mutu idan sana'arta ta ja baya, kuma ƙamus ba ya iya ceton ta shi kaɗai, saboda ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya nuna kalma tana aiki a bakin masu ita. Ƙaramin littafi mai shafi sittin a kan rini ko ƙira ko jima, wanda mai daɗin alƙalami ya rubuta, zai adana abin da ƙamus ya bari.

Akwai kuma maganar da ba ta faɗuwa ta bakin tauraro. A ƙagaggen labari marubuci yana bayan labule; in tauraro ya soki shugabanni, ana iya cewa ra'ayin tauraron ne. Wannan kariya ce, amma kuma tana rage wa magana nauyi. Chinua Achebe ya yi wa 'yan siyasa zambo a A Man of the People a 1966, amma da ya so ya ɗora alhakin matsalar Nijeriya a kan shugabanci da sunansa da bakinsa, sai ya rubuta ɗan ƙaramin littafin nan The Trouble with Nigeria a 1983. Ngugi wa Thiong'o na ƙasar Kenya ma ba a cikin labari ya yi bayanin dalilinsa na komawa rubutu da harshensa na Gikuyu ba, a Decolonising the Mind ya yi shi a 1986.

Batun kasuwa ba sai an tsawaita ba. Labari yakan yi tashe ya wuce, amma littafin da malamai da masu bincike ke komawa gare shi yakan daɗe ana nemansa.

1.3 Inda Haɗarin Yake

Baiwar da ta sa mai ƙaga labari ya dace da wannan aiki ita ce kuma ke iya kayar da shi. Ya saba idan ya ga gurbi ya cike shi daga ƙwaƙwalwarsa. A zube na haƙiƙa ba shi da wannan dama. In bai sami abin da sarki ya ce wa waziri ba, ba zai ƙirƙiro hirar ba, komai daɗin da za ta yi. In dattawa biyu suka saɓa a kan shekarar da aka yi wata yunwa, sai ya kawo ruwayoyin biyu, ya faɗi wadda ya fi rinjayarwa da dalilinsa. Dole ya rubuta sunan wanda ya ba shi bayani da wuri da rana, ya kuma tuna cewa mutanen da yake magana a kansu suna da 'ya'ya da jikoki, kuma ɓata suna laifi ne a gaban shari'a.

Haɗari na biyu ya fi yawa a wajenmu, shi ne littafin tarihin rayuwa da ake rubutawa domin ranar ƙaddamarwa. Attajiri ko ɗan siyasa ne ke ɗaukar nauyin aikin, don haka daga bango zuwa bango ba a samun komai sai yabo: an haife shi da alamun girma, bai taɓa kuskure ba, kowa na ƙaunarsa. Irin wannan kirari ne aka yi wa bango, kuma marubucin da ya san cewa tauraro marar aibi ba ya rayuwa a labari bai kamata ya manta da haka ba idan ya zo rubuta rayuwar mutum na gaskiya.

1.4 Aikin Aji

Malami zai iya soma wannan horo tun daga ƙaramar sakandare. Ya sa ɗalibai su ziyarci mai wata sana'a a unguwarsu, su yi masa tambayoyi, su rubuta abin da suka ji. Daga wannan bayani sai kowa ya fitar da rubutu biyu: gajeren labari wanda mai sana'ar ke cikinsa, da kuma bayanin sana'ar a shafi biyu. Wajen dubawa, malami ya ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ke cikin rubutu na biyu wadda ɗalibi ba zai iya faɗin inda ya samo ta ba, ya mayar masa ya gyara.

Ɗalibi malami ya gwada wannan da kansa kafin fita koyarwar gwaji. Ya kuma karanta Ruwan Bagaja tare da Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya fito da dabarun bayar da labari guda uku da Abubakar Imam ya yi amfani da su a littattafan biyu, da kuma dabara ɗaya da ya yi amfani da ita a na farko ya bar ta a na biyu.