Injin ban ruwa ya rage ƙarfi: ina za a fara dubawa?

Damargu ba ƙasar kogi ba ce. Ba a ganin jirgin ruwa mai inji a Tanut ko a Belbeji. Amma akwai ɗan uwansa, wato ƙaramin injin ban ruwa mai shan isansi. Tun farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, lambuna suka yawaita a bakin tabkuna da rijiyoyi. Masu lambu da dama sun aje guga, sun sayi inji.

Salati da shu ba su jure ƙishirwa. Kwana uku babu ruwa, wahalar wata biyu ta bi iska. Makaniki kuwa yana nesa, wani lokaci sai ranar kasuwa ake ganin shi. Shi ya sa ya kamata mai lambu ya san abin da zai duba da kansa. Sau da yawa injin bai lalace ba. Abu 3 yake nema: mai, iska da wuta. In ɗaya ya ragu, ƙarfi ya ragu.

A fara da mai

Matatar mai ta SORAZ tana kusa da Bakin Birji, cikin gundumar Tanut. Ta fara aiki a 2011. Amma mai lambu ba a bakin matata yake saye ba. Yakan sayi kwalba ɗaya ko biyu a wurin ƴan ruwa-ruwa. Kafin isansi ya iso lambu ya shiga tano, ya shiga bido, ya shiga kwalba. Kowanensu yana iya bar mashi ƙura ko ɗigon ruwa.

Ga gwaji mai sauƙi. A zuba isansi cikin farar kwalba, a aje ta minti 10. Ruwa ya fi isansi nauyi, sai ya kwanta ƙasa, a gan shi da ido. A tsiyaye na sama sannu a hankali, a bar na ƙasa. Tacewa da ƙyalle mai tsabta tana tare yashi, amma ba ta tare ruwa.

Inji mai ruwa a ciki yana tari, yana shaƙewa, ya tashi ya faɗi. To, a rufe pampon mai. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙoƙo inda dauɗa ke taruwa. A kwance shi, a wanke. A ƙasan karbirata kuma akwai ɗan noti. A sassauta shi, a bar mai ya zuba cikin gwangwani har ya fito garau, sa'an nan a ɗaure.

Wani inji yakan tashi lafiya, ya yi ƴan mintoci, sai ya mutu. A sassauta murfin tanki a gani. In ya farfaɗo, laifin na murfin ne: ƴar hudar da iska ke shiga ta toshe, mai ba ya sauka. An sha ɗaukar inji a amalanke zuwa gari saboda wannan ƴar huda!

Cikin karbirata akwai wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura. Isansin da ya yi watanni a inji yana yin danƙo, ya toshe ta. A wanke ta da isansi, a hura mata iska. Kada a sa allura ko waya. Huda za ta faɗaɗa, daga ranar inji ya zama mashayi.

Samarin da suka yi cin rani a tabkin Cadi sun ga masu jirgi suna garwaya baƙin mai da isansi. Daidai ne ga irin injinsu. Injin lambu mai wurin zuba baƙin mai dabam ba ya son haka. In aka garwaya mashi, sai shuɗin hayaƙi, buji ya yi dauɗa. Nashi baƙin mai, a duba shi kowace safiya, a sake shi bayan awa 100 na aiki. A lokacin ƙura a sake tun kafin nan.

Iska

Hunturu shi ne abokin gabar inji a Damargu. Ƙura tana cika soson da ke tace iska. Alamarsa baƙin hayaƙi da yawan shan mai. A wanke soso da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga mashi baƙin mai kaɗan, a matse. In na takarda ne, a kakkaɓe shi kawai. Wasu suna cire shi su jefar, wai inji ya shaƙi iska. Yashi ne zai shaƙa, ya cinye cikinsa.

Wuta

A kwance buji a dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat, mai ba ya isa. Sabon buji guda a aljihu ya fi tafiyar yini.

In inji yana gudu amma ruwa ba ya zuwa

Wannan ba ciwon inji ba ne. A duba tiyon da ke jawo ruwa. Ko ya tsage yana shan iska, ko rariyar bakinsa ta cika da laka. A duba kuma ko an cika cikin pampo da ruwa kafin tayarwa. Irin wannan inji ba ya jawo ruwa da kyau daga zurfin da ya wuce mita 7. A Maris da Afrilu ruwa yana ja da baya, dole a matsar da inji kusa da shi.

A nan ne haɗari yake. Wasu suna saukar da inji cikin rijiya, su bi shi su tayar. Hayaƙinsa yana da guba marar wari. Tana taruwa a rami, ta kayar da mutum kafin ya yi kira. Kada kowa ya sauka rijiyar da inji ke aiki a ciki, ko wadda aka kashe shi yanzu-yanzu. In wani ya faɗi a ciki, a kashe inji daga sama, a kira jama'a. Kada mai ceto ya sauka sai da igiya a ƙugunsa da mutane riƙe da ita.